Wace ce wannan da ka rataye a falona?

Zuwa ga hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da na sha ban ƙara neman wani ba, uban 'ya'yana,

Na ajiye wannan takarda a kan kwamfutarka ne domin nan kaɗai idonka yake sauka tun da ka fara koyon ɗaukar hoto. Ka karanta ta a zaune, raina a ɓace yake.

Ka tuna safiyar da ka zaunar da ni a bakin tagar kicin, ka ce hasken taga ya fi na fitila taushi? Kana ta murɗa bakin kyamara, kana ja da baya har ka yi karo da bokiti. Na tuntsire da dariya, ka danna. Wallahi ranar zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi ya ga sabuwar ciyawa! Na ce a raina, bayan duk shekarun nan mutumin nan bai gaji da kallona ba. Ka nuna min hoton, dishi-dishi, ka ce wannan ɗanye ne, duk abin da kyamara ta gani yana ciki, sai an gyara shi a kwamfuta. Ni da hannuna na kai maka shayi kana gyaran.

Ashe ni ake gyarawa!

Wace ce wannan da ka wanko ka rataye a falona? Fara tas, fuska sumul kamar ƙwai! Ina layukan goshina, waɗanda 'ya'yanka suka zana ɗaya bayan ɗaya? Ina tabon haɓata, wanda na samu ranar da na faɗi a matakalar asibiti, babban ɗanka a sume a hannuna? Ka goge shi kamar ƙuda ne ya sauka a hoton. Malaminku na hoto ya koya maka daidaita haske da duhu, na yarda. Shi ne ya ce ka sauya min launin fata? Haba, farin watana, wannan ce kake gani in ka rufe ido?

Da ni kaɗai abin ya taɓa, da na haɗiye. Amma Auta ta tsaya gaban hoton nan ta ce, "Kai, Mama, ashe da haka kike da kin yi kyau!" Yarinyar da ta kwaso baƙina kaf, babu abin da ta bari. Jiya ina cire kwanon abinci daga jakar makarantarta na ci karo da man bilicin, har an taɓa shi. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ai Baba ma farar ya fi so. Ka ji tarbiyyar da kake yi da kyamara? Abin da na gina da baki na shekaru, ka rushe shi da yatsa ɗaya, kana murna ka ƙware.

Na juya hoton ya fuskanci bango, kuma haka zai zauna ko baƙi sun zo. Kai ka ce min gyara ba ya taɓa ɗanyen, yana nan yadda aka ɗauke shi. To, ka koma masa. Ka ƙara haske yadda za a gan ni sosai, ka bar min sauran kayana. Sannan ka kira Auta, ka ɗauke ta yadda Allah ya halicce ta, ka faɗa mata da bakinka cewa ta yi kyau. Nawa bakin yanzu ba ta ji, naka take jira.

Ina sonka kamar yadda busasshiyar ƙasa take son ruwan farko, shi ya sa abin ya yi min ciwo haka. Ba inda za ni. Amma ba zan zauna a bango da fuskar wata ba.

Taka har ranar da za a rufe wannan fuskar da ƙasa,
Uwar 'ya'yanka