Inna, Me Ya Sa Kika Hana Ni Kashe Waƙar?

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, ina da zargi a kanki, kuma tun da kika rasu ya hana ni sakat.

Kin san halina a mota. Ni da gemuna ya fara furfura, da na fita daga Gaya sai in ɗaga gilashi in saki waƙoƙin soyayyar nan na 'yan fim, masu siririyar murya kamar kukan sauro, ina bi ina kaɗa kai. In na hango wanda na sani, sai in rage sauti in tsuke fuska kamar mai sauraron wa'azi.

Ranar da na fara kai ki Kademi wurin ƙanwarki Gwaggo Asabe, na manta ban cire memori ba. Ina tayar da mota waƙa ta ɓarke. Na ji kamar in nitse don kunya, na kai hannu zan kashe, sai kika ce, "A'uzubillahi. Riƙe sitiyarinka da hannu biyu, kada ka jefa mu a rami." Haka muka tafi, waƙa tana ta yi, kina jan carbi kina kallon gonakin gyaɗa.

A lokacin na ɗauka tsoron hanya ne. Amma Inna, ke da kike hawa bayan babur zuwa kasuwar Ajingi ko a jikinki, yaushe kika fara tsoron mota? Kuma me ya sa daga ranar zumuncin Kademi ya motsa, kusan duk mako sai an je? Yaya Malam yana da mota, ta ma fi tawa lafiya, kika ce tasa tana sa ki jiri. Na kuma lura da carbin nan. In kiɗa ya yi sauri, shi ma sai ya ƙara sauri.

Abin da ya sa na tono maganar, bayan sadakar arba'in Yaya Malam ya ce a gaban dangi na cuce ki, wai na cika miki kunne da shirme a ƙarshen rayuwarki, kina ta haƙuri don kawaici. Maganar ta tsaya mini a rai. In da gaske takura miki na yi, ta ina zan nemi yafiyarki yanzu? Tun daga nan ban sake kunna komai a motar ba.

Jiya dai na kasa daurewa, na je Kademi na tambayi Gwaggo. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in kin zo, ko furar da aka dama miki ba kya shanyewa sai ki ce a tashi. Ta ce a ƙuruciya ke ce mai ba da waƙa a dandali, 'yan mata suna amshi, kuma tun da aka kai ki gidan malamai ba wanda ya sake jin muryarki sai a karatu. Daga nan dariyar ta tsaya, ta share ido da bakin mayafi.

Ban ji daga bakinki ba, don haka har yanzu zargi ne, kuma Allah Ya yafe mini in na yi miki ƙage. Yaya ba ya karanta irin wannan rubutun, ni kuma ba zan faɗa masa ba. Amma na yi kuka a hanyar dawowa, Inna. Kullum sauri nake yi in kai ki da wuri don kada ki gaji. Da na sani da na riƙa tafiya a hankali.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki abin da muka sani da wanda kika ɓoye mana, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna.

Naki har kullum,
Autanki, Sabi'u