A Dawo Mana da Allurar da Muka Kora

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban ofishin da ke raba magani da kayan aiki ga ƙananan asibitocin karkara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Haruna Abakar, mai gyaran injin ban ruwa a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin babbar hanyar ruwa, a yankin Hajj Abdalla. Na zo ofishinka da ƙafata ba sau ɗaya ba. Duk zuwan da na yi sai a ba ni shayi, a ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, Mudir yana taro. Shayin ofishinka yana da daɗi, ban raina ba, amma ba shi ya kai ni ba. Shi ya sa na fito fili da maganar. Na kuma rubuta ta da Hausa da gangan, domin a karanta wa tsofaffin ƙauyenmu su ma su ji, tunda rabin zancen nasu ne. Ba za ka rasa mai fassara maka ba, in ka so ji.

Na farko, ina so ka san wata mata da ba ta taɓa shigowa ofishinka ba, ko da yake a ƙarƙashinka ta tsufa. Matata ce, Batula. Ita ce mai sharar shafahana, wato ɗan asibitin ƙauyenmu mai ɗaki biyu, tun 'ya'yanmu suna ƙanana. Aikinta shi ne ta share, ta wanke, sannan ta ɗauki kwalin sabulu da ake zuba tsofaffin sirinji a ciki, ta kai rami bayan katanga ta ƙona. Da damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da gida guda sukutum, kwalin nan yakan cika har ya yi tozo. Allura ba ta san kwali ba, ta gefe take fitowa. Wata ta faɗi ƙasa ta ɓuya cikin shara, wata ruwan sama ya tono ta daga rami. Batula ba ta taɓa samun safar hannu mai kauri ba. Takan dawo gida tana tsotsar yatsa, in na tambaya ta ce ɗan sartse ne, ta ɗora tukunya. Na saba da ganin hakan har na ɗauke shi wani ɓangare na aikin, ita ma haka.

Na biyu. Wata shekara, gab da faɗuwar ruwa, motar ofishinka ta sauke mana kwalaye na wani sabon sirinji. A ido ba shi da bambanci da wanda muka sani. Bambancinsa yana ciki. In mai allura ya tura maganin har ƙarshe, sai ka ji wani ɗan sauti, ƙas, allurar ta fizge da kanta daga jikin mutum ta koma cikin sirinjin ta kulle. Ba ta sake fitowa, ba a sake aiki da ita, ba ta kuma sokin kowa. Ni da na ƙare rayuwata cikin ƙarafa, da na fasa ɗaya da filaya daga baya na ga ɗan siririn sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke jan ta, sai da na yi wa wanda ya ƙera shi addu'a, ko wane ne, ko a ina yake. Mutumin nan ya zauna ya yi tunanin hannun mai shara. Ban taɓa jin wani ya yi tunanin hannun matata ba sai shi, shi kuwa bai ma san da ita ba.

A ɗan lokacin da aka yi ana aiki da sirinjin nan ne kaɗai na ga yatsun Batula sun warke sumul. Har lalle ta ƙunsa.

Na uku, kuma a nan kukana yake. Ofishinka ya aiko da kayan, bai aiko da wanda zai nuna yadda suke aiki ba. Direba ya sauke kwalaye ya juya. Takardar da ke ciki da wani harshe aka rubuta ta, wanda babu mai jin sa a nan. Hakim ɗinmu na lokacin, wato mai duba marasa lafiya a shafahana, Tayyib, mutumin kirki ne, bai yi ƙasa a gwiwa ba, amma shi ma ranar ya fara ganin irinsa.

Mu kuwa muna da wata al'ada wadda duk wanda ya yi aiki a ƙauyukanmu ya sani. In za a yi wa yaro allura, kakarsa ce ke riƙe shi, ta yi bisimilla, ta kafa ido ta ga shigar allura ta ga fitarta. Sannan hakim ya ɗaga sirinjin sama ya nuna mata cewa maganin ya ƙare kakaf, ba a rage ko ɗigo ba. Sai ta murza wurin da babban yatsa, ta ce Allah ya sa a dace. In ba a yi wannan nunin ba, a wurinmu allura ba ta yiwu ba.

Wadda ta fara shiga a ranar ita ce Inna Dije, tsohuwar da duk ƙauyen ke jin maganarta, da jikarta a cinya. Tayyib ya soka, ya tura, aka ji ƙas. Ya ɗaga sirinji zai nuna, sai ga shi babu allura. Shi kansa ya razana. Ya duba hannunsa, ya duba tebur, sannan ya durƙusa yana laluben ƙasa, a gaban Inna Dije da matan da ke layi a bakin ƙofa. Kafin ya gano cewa allurar tana cikin sirinjin da ke hannunsa, tsohuwa ta kai tsakiyar gari da yarinya a baya, tana cewa, “Wallai ta shige, ni da idona nig gani! Ta shiga ba ta hito ba, hakim ma nema yakai!”

Ya Mudir, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah, in kai ne ka ga likita yana rarrafe yana neman allurar da ya soka wa jikarka, me za ka ɗauka?

Wurin allurar ya ɗan yi ƙullutu, kamar yadda yakan yi wa yara. Inna Dije ta taɓa ta ji tauri, ta ce ga ta nan. Aka kai yarinya wurin wanzami ya tsaga, bai ga komai ba, ya ce ai ta riga ta yi tafiya cikin jini. Na bi majalisa majalisa da fasasshen sirinji a tafin hannuna ina nuna allurar da sifirin ɗinta. Wasu suka gamsu. Mafi yawa suka ce wannan dai tata tana ciki, to ta jikar Inna Dije fa? Yarinyar tana nan da ranta, ta yi aure har ta haihu, amma har gobe in ta yi ciwon kai sai wani ya ce allurar ce ta motsa. Da abin a wani gari ya faru, da na yi dariya har na faɗi.

Mata suka daina zuwa shafahana. Mai zazzaɓi ya gwammace ya sayo tsohon sirinji a kasuwa ya kai wa wani ya soka masa a gida. Dattawan gari suka tashi takanas suka zo ofishinka suka roƙi a kwashe sabon a dawo da tsohon. A wannan karon Mudir ba ya taro. Cikin ɗan lokaci mota ta zo ta kwashe. Ban taɓa ganin ofishinka ya amsa kukanmu da sauri irin haka ba, kuma ban sake gani ba. Abin da ya kamata a aiko shi ne mutum guda da zai tsaya a gindin bishiya ya soka allurar a jikin lemo, jama'a su ga inda take komawa. Aikin hantsi ɗaya ne. Sai aka ga kwashewa ta fi sauƙi, tunda tsohon ya fi arha, kuma mu muka nema da bakinmu.

Na huɗu. Kwalin sabulu ya dawo, Batula ta koma tsotsar yatsa. Shekaru suka wuce. Sai ta fara gajiya, idonta ya yi ɗorawa, muka ce shawara ce, muka yi ta jiƙe-jiƙe. Da ciki ya fara kumbura na kai ta babban asibiti a birni. Likita ya ce ciwon hanta ne irin wanda ake ɗauka ta jini, kuma ya daɗe yana cin ta. Ya tambayi sana'arta, na faɗa masa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya ce ba zai iya rantsewa cewa allura ce ba, balle ya ce wacce. Mai yiwuwa ma ta ɗauka tun kafin sabon sirinjin ya zo. Saboda haka ban zo neman diyya ba, ban kuma ce kai ka kwantar da ita ba. Yanzu haka Batula tana kwance a gadon igiya a tsakar gida, ana zuƙe mata ruwan ciki yana dawowa. Na daina tambayar likita ko za ta tashi, shi ma ya daina kallon idona. Raina ya ɓaci, Ya Mudir, kuma na gaji.

Na biyar, shi ne dalilin wannan wasiƙa. A wurinmu in mai ƙaramin aiki irin wannan ya kwanta, akan bar aikin a gidansa don kada tukunya ta mutu. Dattawa sun yi mana wannan karamci, sun ba 'yarmu Ihlas tsintsiyar uwarta. Mijin Ihlas ya rasu ya bar ta da marayu, ni kuma ƙarfina ya ja baya. Na hana ta, ta ce, “Baba, to mi za mu ci?” Na ƙyale ta. Yanzu kullum da safe ita ke ɗaukar kwalin nan, ta bi hanyar nan, zuwa ramin nan.

Ga abin da nake roƙo. A dawo mana da sirinjin da allurarsa ke komawa ciki. A haɗo shi da mutumin da zai koya wa hakim a keɓe tukuna, sannan ya nuna wa mata a fili, ya bar kowace kaka ta riƙe sirinjin ta ga allurar a ciki da idonta. In kana da hanyar isa ga masu ƙera shi, ka gaya musu su shafa wa gindin allurar jan launi mai haske, yadda tsohuwa mai raunin gani za ta hango ta bayan ta koma. Da an yi haka tun farko, da Tayyib bai durƙusa ba. In duk wannan ya yi maka yawa, to a aiko da akwatin da allura ba ta hudawa, da safar hannu mai kauri guda ɗaya.

Ku kuma iyayena mata da ake karanta wa wannan, Inna Dije ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ba ta yi don mugunta ba. Amma allurar ba ta cikin jikin kowa. Tana cikin kwalin da 'yata ke ɗauka.

Ban sa rai za ka amsa ba. Na ga yadda takardu ke tsufa a kan teburin ofishinka, kuma na san mai shara ba ya cikin waɗanda ake tunawa da su in ana sayen kaya. Na rubuta ne don kada wata rana a ce ba a faɗa ba. Jiya Ihlas ta dawo da tsumma ɗaure a yatsa. Na tambaye ta, ta ce ƙaya ce. Babu ƙaya a cikin shafahana. Uwarta ta ɗago daga kan gado ta dubi yatsan, ta juya fuskarta ga bango.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka. Allah ya raya maka zuri'arka, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a ƙofar gida kana jiran 'yarka ta dawo don ka duba hannunta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna Abakar, mijin Batula, mahaifin Ihlas.