A Kawo Ruwan Wanka

Zuwa ga 'yata Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata da ban taɓa goyawa ba. Tun da waya ta shigo Zuru, sau huɗu ina zuwa wurin mai wayar haya a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa ina kiranki, da kin ji muryata sai ki kashe. Shi ya sa na rubuto, na kuma yarda a karanta a zumuntar matan cocinmu, don wasunsu a kan idonsu aka yi abin.

Gwaggonki ta Rikoto ta dawo daga Kaduna ta ce mijinki ya sayo wa yarinya aku, kin hana a shigo da shi gida, wai ke tsuntsu mutuwa yake a hannunki. Wannan maganar banza ce, kuma ban haife ki don ki riƙa gudun abu ba. Saurara.

Kin tuna akun babanki. Daga kudu ya zo da shi kafin a tura su yaƙi ƙasar waje. Akwatinsa da bel ɗinsa na soja kaɗai aka dawo mana da su, amma muryarsa tana nan cikin keji. Kullum da yamma, daidai lokacin da ya saba dawowa daga bariki, sai tsuntsun nan ya daka tsawa, "A kawo ruwan wanka!" Har da ɗan tarin da babanki yake yi a ƙarshe. Nakan tsaya da ludayi a hannu sai ya gama.

Tsakiyar damina ce, na tafi jana'iza Kanya na kwana. Shekarunki goma sha uku. Kika ji yana ta kiran ruwan wanka, kika ɗauka wa kansa yake roƙo. Rana ta faɗi, kika jawo ruwan rijiya mai sanyi, kika kaɗa garin sabulun wanki, kika tsoma shi a bokiti har kai, kika cuɗe shi kamar safa. Sannan kika rataye kejin a baranda inda iska take kaɗawa, wai ya bushe.

Da safe na iso na tarar da shi a ƙasan keji, ƙafafu a dunƙule, kumfa ta bushe a hancinsa.

Na ɗauko bel ɗin babanki, na nannaɗe fatar a hannuna, na bar ƙarfen a waje. Da sani na yi haka. Na fizgo ki da kitso har tsakar gida. Na zabga miki a baya, a cinya, a hannuwan da kike karewa da su. Kika faɗi, kanki ya bugi bakin rijiya, ban tsaya ba. Ƙarfen ya sauka a kunnenki na hagu, jini ya gangaro har wuyan rigar makarantarki, nan ma ban tsaya ba. Maman Ngozi mai shago ta banke ƙofa ta rungume ni ta baya, na gantsara mata cizo a hannu. Ina dukanki ina cewa, "Kin kashe ubanki karo na biyu." A asibiti suka ce dodon kunnen ya fashe. Kina gama sakandare kika bi mota, shekara shida ke nan.

Laifi kin yi, ba zan janye wannan ba. Yarinyar kirki tambaya take kafin ta taɓa abin da ba a sa ta ba. Amma na daɗe ina juya wani abu. Da hantsi nake yi masa wanka, Talata da Juma'a, kina aji. Ba ki taɓa gani ba ko sau ɗaya, ni kuma ban taɓa gaya miki ba. Na kurmantar da ke a kan darasin da ban koya miki ba.

To ga shi yanzu. Da hantsi ake yi, idan rana ta yi ɗumi, don ya samu yini guda ya bushe. Kada ki yi da yamma, ko ranar da hadari ya haɗo. Ruwa zalla mai ɗan ɗumi, ki taɓa da gwiwar hannu kamar na jariri. Sabulu haram, yana cinye maiƙon gashinsa, sanyi ya shige shi. Ki zuba kaɗan a faranti mara zurfi ki ja da baya, shi zai shiga da kansa. In ya ƙi, yayyafa masa da yatsu daga sama, kada ya shiga hanci. Ki ajiye kejin inda babu iska. Kuma ki kira 'yarki ta tsaya ta gani.

Bel ɗin yana cikin masai tun bara. Ni na jefa shi.

Rahila, ban iya lallashi ba, kin sani. Na yi miki mugunta, ki gafarta mini. Ubangiji ya tsare ki, ya sa hannunki ya fi nawa sanyi a kan yarinyar nan. Idan kin zo Kirsimeti, ta damanki zan zauna in sake faɗa da bakina, don ki ji da kyau.

Mahaifiyarki,
Maman Rahila, Zuru