Sunan da Dije Ta Sa Na Faɗa

Horo Birni,
Ƙaramar Hukumar Shagari.

Zuwa ga Yayana Maniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girma irin wadda ta kamaci ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zainab da yara, Ya buɗa maka kasuwa, Ya tsare ku da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da zuba. Direban motar albasa ya ce ka yi tumbi har ba ka hangen yatsun ƙafarka. In gaskiya ne, Allah Ya ƙara, ka gaya wa Zainab mun yaba da tukunyarta. Mutanen Boɗinga duk lafiya, Baffa Haruna ya samu sauƙin gwiwa har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Inna kuma tana nan wurina kwana biyu, za ka ji dalili a gaba.

Na san za ka ce mi ya hana in kira ka a waya. Wayar ɗaya ce, tana aljihun mijina Nura, kuma in ka kira a tsakar gida ake miƙo mini ita, kowa ya ajiye aikinsa ya baza kunne. Shi ya sa kullum lafiya lau kake ji. To ba lafiya lau ba ce, Yaya. Ina cikin tsoro, kuma ban ga wanda zan kai wa kukana ba sai kai.

Ka san yaron nan ya rasu daminar bara, zazzaɓi ya ɗauke shi. Ka kuma san ɗan farina ne. Tun da aka yaye shi yana ɗakin kakarsa Nana Fatima, uwar Nura, kamar yadda aka saba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In ya faɗi a tsakar gida ina kallo, sai in kau da kai in ci gaba da daka, in jira wata ta ɗaga shi. Ranar da ya rasu ni ce ke kai wa masu makoki ruwa. Mata suna ta yabona, wai Hauwa ta yi kara, ɗiyar mutanen Boɗinga ta san kunya, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Na karɓi yabon nan na shiga ɗaki da shi, kuma tun daga ranar kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji.

Abin ya zo a hankali. Barci ya ƙaura, abinci ya koma kamar dusa a bakina, wanka ya zama aiki. Sai in zauna bakin gado tun hantsi har la'asar ina kallon bango, ban san me nake kallo ba. In na ji yara na wasa a lungu sai in toshe kunnuwana. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka ce iska ce. Da Nura ya ga na koma ƙashi da fata ya ɗauke ni zuwa asibiti a Boɗinga. Malamar asibitin ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani, ta ba ni ƙwayoyi. Ta kuma ce suna da wani tsari na haɗa wadda ta taɓa yin ciwon ta warke da wadda take cikinsa, don ta riƙa zuwa tana duba ta. Haka aka haɗa ni da Dije.

Dije mutuniyar Danchadi ce, ta girme ni kaɗan, gajeruwa mai surutu, tana sayar da daddawa. Ranar farko da ta sauka daga kabu-kabu ta shigo ɗakina, ƙamshin sana'arta ya riga ta sallama, na ce a raina wannan kuma wace jarraba ce aka turo mini. Na juya mata baya. Ba ta ce in yi haƙuri ba, kuma ita ce mutum ta farko da ba ta ce haka ba. Ta zauna ƙasa ta fito da kaba ta kama saƙar faifai, tana ba bayana labarin yadda ita ma ta yi bayan haihuwarta ta biyu, yadda aka kai ta wurin wani mai magani aka sa mata marin ƙarfe a ƙafa har damina ta wuce. Ta ɗaga zane ta ce in ina so in duba. Na waiga na duba. Tabon yana nan zagaye da idon sawunta, fari fat.

Duk mako take zuwa. Ba ta wa'azi, ƙananan abubuwa take nema. Wannan makon ta ce in yi wanka kafin hantsi, wancan ta ce in zauna bakin ƙofa in sha iska ko da ba zan yi magana da kowa ba. Takan ƙirga ƙwayoyina ta gane in na tsallake, ta yi mini tsiya wai ko ita da ta fi ni taurin kai sai da ta haɗiye su. In na ce mata ji nake kamar ba zan ƙara zama mutum ba, sai ta ce ita ma ta faɗi haka, ga ta kuma yau tana rigima da masu sayen daddawa a kan canji. Maganar da likita zai faɗa in ji ta ta wuce, in Dije ta faɗa sai ta zauna, don na ga ƙafarta. Na fara cin tuwo, Yaya. Na fara shara. Har faifai ɗaya na gama, ko da yake Dije ta ce ko kaza ba za ta yarda a sheƙe mata tsaba da shi ba.

Rannan muna saƙa sai ta tambaye ni yaya sunansa. Na ce ai ta san ɗan fari ne. Ta ce ta sani, kuma ba ta zo ta koya mini rashin kunya ba, amma nan daga ni sai ita sai kaba. Na daɗe bakina ya ƙi buɗuwa. Da ya buɗu kuwa sai na kasa rufe shi. Khalid. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Na yi ta kiransa ina kuka, kukan da ban yi ranar makoki ba, Dije na riƙe da kaina a cinyarta. Rabona da in ji numfashina ya sauka har ciki tun kafin rasuwar.

Ashe Nana Fatima tana bakin tagar. Ba na ganin laifinta, ita ta yi renonsa, ita ma zuciyarta a ƙone take. Amma abin da ta ji shi ne uwa tana kiran sunan ɗan farinta da ƙarfi, kuma a wurinta mai hankali ba ta yin haka. Ta je ta gaya wa Yaya Ummaru, wan Nura, wanda shi ne babban gidan, cewa iskar ta tashi gaba ɗaya, kuma matar nan ta Danchadi ce ta kawo tata ta ƙara mini. Ranar da na fi samun sauƙi ita ce ranar da suka yanke cewa na haukace.

Yaya Ummaru ya ce kada Dije ta ƙara taka gidan. Ta zo makon jiya, aka tsayar da ita a zaure. Ina jin muryarta ta bayan katanga tana roƙon a bar ta ko gaisawa mu yi, na miƙe zan fita, sai na ga idanun da ke tsakar gida, na koma na zauna. Yanzu an ɗauke wuƙa daga ɗakina, an hana ni zuwa rijiya, in na shiga bayan gida ana tsayawa a jira ni. In na yi kuka a ce iskar ta motsa, in na yi shiru a ce tana tafe. Rannan na yi dariya don akuya ta faɗa cikin turmi, sai na ga mata suna kallon juna. Ƙwayoyina sun kusa ƙarewa, kuma Dije ce ke raka ni karɓo su. Nura yana tausayina, na gani a fuskarsa, amma ka san shi, gaban wansa ko tari ba ya yi.

Ga babban abin. Sun ce da an gama cirar albasa za su kai ni wurin wani mai magani can gaba da Lambara, inda ake ajiye masu irin ciwona. Na tambayi Nura ko ana sa mari, ya ce wai sai ga mai faɗa. Albasar kuwa ganyenta ya fara kwanciya, alamar cira ta kusa. An kira Inna daga Boɗinga don a yi da saninta. Ta zauna ta saurari Yaya Ummaru kanta a ƙasa, ta ce su ne manya, yadda suka gani. Ban yi mamaki ba, surukai ne, ba za ta ɗaga musu murya ba.

Kai kaɗai Yaya Ummaru ke jin nauyinka, tun zamanku na makarantar allo. Ina roƙonka don Allah da darajar iyaye ka kira shi da kanka, ka ce a bar ni a gida, a bar ni da maganin asibiti, a bar Dije ta shigo. Ba na neman a canja al'adar kowa. A tsakar gida zan ci gaba da cewa yaron nan har in mutu. Ɗakina kawai nake so a bar mini, da mace ɗaya da ta san hanyar fita don ta bi ta.

Ka gaishe mini da Zainab da kyau, da Safinatu da Bilyaminu, ka ce Goggonsu tana sa musu albarka. Baffa Haruna yana gaishe ka. Nura ma zai gaishe ka da ya san ina rubutawa.

Inna ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba, kai ma ɗan fari ne. Amma ɗazu da ta iske ni ina rubuta bayan ambulan, ta tambaye ni ko ga wancan na Fatakwal ne. Na ce e. Ta ce in nuna mata inda sunanka yake. Na nuna mata, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce in yi sauri in gama, ita za ta sa ta cikin zanenta ta kai wa direban da hannunta.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Nana Hauwa.