Hannun Inna a Sama

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Jikanki, ko in ce angonki, yana lafiya. Tun da kika tafi yake leƙa ɗakin da kika kwana.

Inna, kada ki yi fushi. Na ji daɗi ƙwarai da kika koyi maganar hannu saboda shi da ba ya ji, ke da ko saƙon waya sai an tura miki. Amma me ya sa kike tsayawa a tsakiyar kowace magana? Sai ki ɗaga hannu, ki bar shi a sama, can ki ƙarasa. Shi kuma ya gaji da jira ya koma wasansa. Na ga fuskarki a lokacin, abin ya tsaya mini a rai.

Ki huta lafiya,
Autarki

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, in ban da matakala.

Ke kam akwai ido! Shafin intanet ɗin nan da kika buɗe mini a waya, na malaman makarantar kurame, kullum bayan la'asar nake zama a bakin gado da tabarau ina binsa. Malamar takan ɗaga hannu ta tsaya cik, ta daɗe, sannan ta sauke. Na ɗauka ladabin maganar ke nan, ba a yi wa kurma gaggawa. Haka na haddace.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji ciwo da ya juya mini baya. Shekaru sun ja, Auta. Burina in yi hira da angona, ni da shi, ba tare da ke a tsakani kina fassara ba.

Allah ya yi miki albarka,
Innarki

Inna,

Barka da war haka. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Ba malamar ke tsayawa ba, bidiyon ne ke maƙalewa. Kamfanin layinku ya raba intanet hanya biyu. Manyan shafukan da suka biya shi suna gudu, ƙanana irin na malaman nan kuwa sai rarrafe. Shi ya sa a wayarki ɗin nan fim ke tafiya sumul amma darasi ya ƙi. Yanzu kamfanoni na neman hukumar sadarwa ta halatta musu wannan.

Mu iyayen yaran makarantar mun haɗa kai. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, za mu nemi a bar kowane shafi ya bi hanya ɗaya, babba da ƙarami. Ki zo ki yi magana, don Allah.

Taki,
Auta

Auta,

Ina gaishe ku. Ashe tsayuwar da na wahala ina koyo ma ta kamfani ce! Zan zo, amma ki sani ban iya lasifika ba. Gaban manya bakina mutuwa yake. Ki nemo mini kujera kusa da ƙofa.

Innarki

Inna,

Da fatan kin isa gida lafiya, ya gajiyar hanya?

Kin ce kin ba ni kunya a zauren nan. Wace kunya? Da aka miƙa miki lasifika kika ajiye ta, kika dubi wakilan kamfanonin, kika ce, "Ni zan gaishe ku yadda layinku ya koya mini." Kika ɗaga hannu, kika tsaya. Shugaban zaman ya duba agogo, wani ya yi gyaran murya, ke ko gezau. Da kika sauke kika ce, "Kun gaji ko? To jikana ma ya gaji."

Akwai abin da ba ki gani ba, don yana bayanki. Angonki ya haye kujera, ya ɗaga hannunsa daidai da naki, bai sauke ba sai da kika sauke. A mota na tambaye shi dalili, ya ce mini da hannu, "Inna magana take, ba ta gama ba."

Hukuma ba ta yanke hukunci ba tukuna. Muna ci gaba da bin gidajen rediyo.

Ki gaida mutanen gida,
Autarki

Auta,

Na gode, Allah ya raya mana shi. Bidiyon yana nan yana maƙalewa. In an kira wani zaman ki sa sunana, a kujerar gaba.

Ki faɗa wa angona na iya "zo nan" a tashi ɗaya, babu tsayawa. Sauran hirar, ya ƙara jirana kaɗan.

Innarki