Jikana ya ɗaure kayansa, wai ni ne sanadi

Malama Hindou, ki taimake ni kafin in yi abin da za a ce tsoho ya haukace. Ban yi lakol ba, wato boko, maƙwabcina tela ke rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

A Guéma nake, nan Parakou. Goro na sayar har ƙafa ta ƙi. Jikana Adnan, ɗan marigayi ɗana, shekararsa sha biyar, zai yi saukar Alƙur'ani bayan Sallah. Dangi za su zo daga Djougou. Yaron nan in ya shige ɗakin ajiya shi kaɗai, karatu yake zubawa ba gargada. Amma mutane su taru, sai ya toshe kunne, yana kaɗa jiki, yana tauna wuyan riga.

Uwarsa Rauda ta kai shi wurin likita ba ta faɗa mini ba. A gidana fa! Ta dawo da sunayen ciwo har uku da Faransanci, wai ɗaya na rashin jure hayaniya, ɗaya na rashin natsuwa, ɗaya na fargaba. A zamaninmu sunansa ɗaya, sangarta.

To, kwanaki na tsokane shi, na ce in ya yi tuntuɓe ranar sauka zan sa shi a mota zuwa Partago, ya je noman doya, kada ya dawo. Wasan kaka da jika ne, wa bai san shi ba? Ni kakana cewa yake zai ba Fulani ni su ba shi maraƙi, dariya nake yi. Shi wannan sai ya cusa kayansa a jaka ya ajiye bakin ƙofa. Abinci ya gagare shi. Kullum yana tambayar uwarsa yaushe motar za ta zo. A da shi ke zama kusa da ni yana ware mini goro fari da ja, yanzu ko tarina ya ji sai ya ɓuya.

Rauda ta ce in janye maganata, a yi saukar a falo ba lasifika. Ni in lallashi jika? Surukata ta tsara mini buki? Me zan ce wa mutanen Djougou? Ki gaya mata gaskiya, tana karanta filinki.

Tsoho mai goro, Guéma

Baba, Allah ya huci zuciyarka. Kana da gaskiya a wuri ɗaya: ya kamata Rauda ta sanar da kai. Wasan ma ba mugunta ba ne, ƙauna ce irin tamu.

Amma ba sangarta ke hana yaro cin abinci ba. Ban ga Adnan ba, sai dai yara irinsa sukan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, fargaba kuma ta riƙa maimaita musu ita. Shi a wurinsa, kakansa ya yanke hukunci, kuma kakansa ba ya ƙarya. Shi ya sa lallashin uwarsa bai yi aiki ba. Kai ka faɗa, kai kaɗai za ka warware.

Yau, ba gobe ba, ka zauna kusa da shi da tiren goro. Kada ka ce ya dube ka. Ka gaya masa kai tsaye, ba zolaya: ba mota, ba Partago, ko ya yi kuskure nan ne gidansa. Zai sake tambaya, ka sake faɗa.

Batun sauka, a raba. Ya karanta a falo gaban malaminsa da kai da waɗanda ya saba da su, bayan ya gwada a wurin tun kafin ranar. Walima a yi ta a waje yadda kake so, 'yan Djougou su ci su yi addu'a. Ka bi Rauda wurin likita ka yi tambayoyinka da bakinka. In cin abincin bai dawo ba cikin kwanakin nan, kada a jira, a mayar da shi wurin likita.

Jakar nan kuwa, Baba, kada ka sa uwarsa ta kwance ta. Ka kwance da hannunka, yana kallo. Allah ya nuna maka saukarsa lafiya, ya dawo maka da mai ware goro.

Malama Hindou