Sunan Mai Jinya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, ina gaida Baban yara da yaran duka, har da ƙaramar da aka haifa ban gani ba. Ina fata ƙafar nan taki ta yi sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, bayan shekara huɗu ba abin da ke haɗa mu sai saƙon gaisuwa a bakin mutane. Da waya zan kira, to kunnenki ya daina shiri da waya, maganar kuma ba ta ɗaga murya ba ce. Direban motar kamfaninmu yana bi ta wajenku duk Laraba, ya dawo Alhamis, shi na ba.

Tambaya ce da ni. Takamaimai wane ciwo ne aka yi wa Inna aiki a kansa? Likita ne ya tambaye ni ko akwai mai irin ciwona a gidanmu, na ce masa zan tambayo.

Wata tara ke nan cikina ya sa ni a gaba. Da na ci abu mai maiƙo, ko ƙwai ɗaya ne, ba a rufa awa guda sai wani abu ya damƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya zagaya har allon kafaɗa. Ga kumburi, ga gyatsa mai ɗaci, ga tashin zuciya. Na sha maganin gyambon ciki har na haddace sunayensu, a banza. Watan jiya aka yi mini hoto, aka ce duwatsu ne a matsarmama. Likita ya ce shawararsa a cire ta gaba ɗaya, wai mutum yana rayuwarsa lafiya lau ba ita. Ya ba ni takardar sa hannu ya ce in je in yi tunani. Tana nan cikin jakata, har ta fara yagewa ta wajen ninkin.

Har yanzu ina kicin ɗin kamfanin saƙa, muna dafa wa ma'aikata ɗari biyu abincin rana. Abin dariyar, ni ce mai suya. Tun safe ina tsaye a kan mai, amma ko gishiri zan ɗanɗana sai na kira Doguwa, abokiyar aikina, ta ara mini harshenta.

Ki yi haƙuri da tsawon takarda. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, kowa lafiya. Ƙaramar da ba ki gani ba har ta iya rashin kunya. Ƙafa kuwa tana nan, da ita za mu tsufa.

Ciwon Inna irin naki ne sak. Da kin zo da kin ji daga bakin likita, ba sai kin sa ni tono ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibitin nan a kan tabarma, ni kaɗai nake juya ta, ni nake wanke ta, ke kuwa kika aiko wai ba a ba ki hutu ba. Ban manta ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na manta ba.

Amma ki buɗe kunne, ke da naki ke aiki. Ba wuƙa ce ta yi ajalin Inna ba. Shekara biyu tana ɓoyewa tana shan jiƙe-jiƙe, sai da idonta ya koma ruwan ɗorawa, zazzaɓi ya kayar da ita, sannan ta yarda aka ɗauke ta. Kwana ya ƙare, haka ne, amma mu ma mun makara.

Ki rubuto mini me kike ci, kuma wa ke duba ki in abin ya tashi. Kar ki ce mini "lafiya lau", na san halinki.

Ki gaida mai ara miki harshe.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya ke da mutanen gida. Na karanta takardarki sau uku. Abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ban da bakin musu.

Kin tambayi abin da nake ci. Farar shinkafa da gishiri, wani lokaci dankali dafaffe, sai shayi ba madara. In an tashi cin abinci a wajen aiki, matan kicin kan baje babban faranti su kewaye shi, ana ci ana gulmar shugaban sashe. Da farko ina zama da ɗan kwanona a gefe, suna tsokanata wai na shiga sahun masu rage ƙiba. Daga baya na ga duk wadda ta kai tsoka baki sai ta kalle ni ta ji nauyi, sai na koma ɗakin ajiya. Akwai wani bokiti da nake kifawa tsakanin buhunan albasa, shi ne kujerata. Ina jiyo dariyarsu ta bango. Ba wadda ta kore ni, Yaya, amma yanzu ba wadda take kirana.

A gida ma haka. Maƙwabciyata takan aiko mini da kwano in ta yi girki mai daɗi, na mayar mata sau biyu ban taɓa ba, ta ɗauka wulaƙanci ne ta daina. Ban san yawancin hirar duniya a bakin kwano ake yinta ba sai da aka raba ni da shi. Kaɗaici yana damuna fiye da ciwon, wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Zannuwana kuma duk sun yi mini yawa, tela ya rage mini riguna har sau biyu.

Wa ke duba ni? Ranar Alhamis abin ya tashi ina tsakiyar suya, ƙamshin man kawai ya isa. Na kwanta a kan buhuna na naɗe kamar tabarma, Doguwa ta riƙe mini kaskon har ya lafa. Da yamma na hau mota na koma ɗakina, na kunna rediyo don in ji muryar mutum.

Maganar aiki kuwa, ina ganin zan haƙura da shi. Likita ya ce ƙananan huji ne za a yi, kwana biyu a sallame ni, sai dai wasu kan yi fama da gudawa na ɗan lokaci bayan an cire. Ya kuma ce in an bari, dutse na iya toshe hanya wata rana. To ni na saba da shinkafata, in na kiyaye bakina ƙila mu zauna lafiya da duwatsun.

Na dai koma da takardar makon jiya. Na cike komai, sai layin ƙarshe, inda aka ce sunan mai jinya. Nas ɗin ta miƙo mini ita ta ce, "Baiwar Allah, ba za mu sa ki barci ba sai mun san wanda zai karɓe ki in kin farka."

Na tsaya da biro a hannu. Doguwa tana da tagwaye ga suruka a kwance. Maƙwabciya ba ma ko gaisawa sosai. Tsohon mijina kuwa, ko muna tare ba ya iya zaman asibiti. Na ce wa nas ɗin biron ne ya ƙi, na ninke takardata na fito.

Ki gaida Baban yara. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Wato kin lissafa Doguwa, kin lissafa maƙwabciya, har wancan mutumin da ya sake ki ya samu shiga, amma ni ban samu ba. Ko na mutu ne ba a gaya mini ba?

Ba shinkafa kika saba da ita ba, layin nan ne ya tsaya miki a wuya. Haka Inna ta riƙa cewa ta saba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kina son abu a wajena ki buɗe baki ki faɗa, ni ba boka ba ce.

Amma kafin nan akwai tambayar da na riƙe shekara huɗu. Me ya hana ki zuwa? Kar ki ce hutu. Na aika an tambayar mini a kamfaninku tun lokacin, an ce an ba ki mako guda.

Ina jiran direba.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, Laraba uku direba yana tafiya ba saƙona. Biyu na farko kunya ce. Ta ukun ina asibiti ana ƙara mini ruwa, zazzaɓi ya haɗu da ciwon. Likita ya ce matsarmamar ta fara kumbura, zancen in je in yi tunani ya wuce. Sun sa mini ranar Talata mai zuwa, ƙarfe takwas na safe, in har na kawo takardar a cike.

Ga amsarki. Na zo, Yaya. Ranar da Inna ta kwana shida da aiki na zo. Na sayo mata sabon zani, na cika fulas da shayi irin yadda take so. Na shiga ƙofar asibitin, na tambaya aka nuna mini ɗakin mata a saman bene. Ina dab da matakala aka turo wani gado an lulluɓe mutum har kai, ƙafafun kawai ake gani, kuma irin ƙafar Inna ce, 'yar siririya. Ba ita ba ce, na sani, amma na juya na fito waje. Akwai benci a ƙarƙashin bishiyar da ke kallon ginin, na ce bari in zauna minti biyar in dawo hayyacina. Tun azahar nake cewa yanzu zan tashi har aka yi la'asar. Daga nan na koma tasha. A mota na zubar da shayin ta taga. Zanin yana ƙasan akwatina har yau, ban ɗinka ba, ban bayar ba.

Na zaɓi ki ɗauke ni marar kirki da ki san na zo har ƙofa na gudu. Zumunci a ƙafa yake, ni kuwa tawa ta kawo ni ta ƙi ƙarasawa. To da wane baki zan ce ki bar yaranki, ki jawo ƙafarki mai ciwo, ki zo ki kwana a tabarma saboda ni?

Kin ce in buɗe baki. Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron matakalar nan, ina tsoron in farka in ga ba kowa a gefen gado. Ki zo. In kin ce a'a ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan sake damunki ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Koren mayafi ne a jikinki ranar, fulas ɗin a kan cinyarki. Ina tsaye a taga ina kallonki tun azahar. Inna ta tambaye ni me nake kallo, na ce mata ba komai. Matakala ashirin ce tsakaninmu, fushi ya hana ni saukowa. Wannan laifina ne, shekara huɗu ina ɗora miki shi a kan naki.

Ki rubuta sunana a layin, da biro mai kyau. Na riga na naɗe tabarmata. Motar farko zan biyo ranar Talata, asibitin zan wuce kai tsaye, zan riga ki isa. Ki taho da zanin nan, zan yi shimfiɗa da shi.

In ƙafarki ta sake ƙi, ki nemi benci ki zauna. Zan sauko.

Yayarki